Sha Takwas

Muryar Malam Nomau ta riga shi tsufa.
Da, in ya ɗaga kiran assalatu,
har masu kwana a tasha sai sun motsa.
Yanzu ko katangar masallaci ba ta haurawa,
nan gindin darbejiya take zubewa.

Na ce ni Barmo zan haɗa masa amfilifaya,
a rumfata ta gyaran rediyo.
Ga dalma, ga taransista huɗu, ga tsohuwar lasifika.
Saura taransifoma, ita ce zuciya.

Ran Talata na kutsa kasuwar Mafara,
layin 'yan gwangwan, wurin Ɗantani.
Ya dire mini uku bisa buhu.
"Ɗauki babbar, bolt ashirin da huɗu,
wagga ko Bakura sai an jiya."
Na ɗaga ta, nauyi kamar dutsen niƙa,
raina ya biya.
Sai yatsana ya tafi ga tabon haɓata.

Bara ne na samo shi.
Na ba ƙaramin kafasito abin da ya fi cikinsa,
ya kumbura, ya yi tsaki, ya tarwatse,
rumfa ta cika da wani abu kamar audugar rimi,
kwana biyu kunnena na hagu yana kuka.

Tun ranar na san lambar jikin ƙarfe
ba ita ke isa gida ba.
Wuta in ta ratsa diyod ta kwanta a kafasito
auki take yi, kamar shinkafa a tukunya:
ashirin da huɗu ya tashi talatin da huɗu.
Nawa kuwa talatin da biyar ne iyakarsu.
Taku ɗaya tsakanina da rami.
Ga wutar Nefa ba ta da alkawari,
yau ta zo tana jan ƙafa kamar mai jinya,
gobe tsakar dare ta afko
kamar an buɗe ƙofofin Bakolori.

Ta sha biyun fa? Ƙarama ce.
Malam na jan dogon numfashi za ta shaƙe.

Na nuna ta tsakiya, mai tsatsa a kunne,
sha takwas, amfiya biyar.
Na shinshina ta, ba ƙauri.
Na ɗora mita, allura ta amsa.
Ɗantani ya ce tsoro gare ni.
Na ce ƙaro mini kafasito masu ɗaukar hamsin,
ashirin da biyar kawai za su sha.
Mai bin hanyar gargada
ba ya cika tulu har baki.

Dare uku ina haɗi.
Na sa fis na gaske, ban naɗe gurbinsa da waya ba.
Gwajin fari ta cikin ƙwan fitila na bi da wutar,
ya yi ja, ya lafa, na saki numfashi.
Hannu ɗaya a aljihu, silifas a ƙafa.
Ko na kashe, ba na taɓawa sai na zuƙe kafasito,
macijin da aka sare wa kai ma yana sara.
Na ja waya daga jikin akwatin
zuwa ƙarfen da na kafa a danshin magudana,
don na san da jiƙaƙƙen hannun alwala
tsohon zai kama makirfo.

Asubar Asabar na tsaya ciki, bayan ƙofa,
tafina bisa taransifoma.
Ɗumi kaɗan, kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.

Muryar ba ta je Bakura ba.
Ta dai haura katanga, ta wuce mai shayi,
ta isa ƙarshen lungu,
inda Inna Tumba ta ce rabonta da ita tun damina.

Da aka sallame ya riƙo hannun rigata.
"Barmo, har tarina mutane ke ji.
Ba ka iya rage shi?"
Na duba maɓallan nan guda uku.
Na ce, Malam, ban sa na wannan ba.